Yadda Ake Neman Kwangila a Gidajen Yarin Jihar Teksas

A Amurka kowace jiha tana da nata gidajen yari, kuma na Teksas suna cikin mafi girma a ƙasar: gidaje kusan 100 da fursunoni fiye da 100,000, ƙarƙashin ma'aikatar da ake kira TDCJ, wadda aka kafa a 1989 kuma babban ofishinta yake a garin Huntsville. Mutane masu wannan yawa suna bukatar abinci da sabulu da kayan gyaran famfo da man mota kowace rana, kuma mafi yawan waɗannan kaya daga hannun 'yan kwangila suke fitowa. Ɗan kasuwar da ke zaune a Houston ko Dallas yana iya shiga wannan harka, muddin ya san wa ke da ikon amincewa da kwangila da kuma ƙofar da ake bi.

Sai ka fara da sanin hukumar gudanarwar da ke sa ido a kan ma'aikatar, domin a nan ne yawancin sababbin shiga suke sakaci. Mambobinta tara ne, gwamna ne ke naɗa su na tsawon shekara shida tare da amincewar majalisar dattawan jihar, kuma ba a biyan su albashi. Su ne ke ɗaukar babban daraktan ma'aikatar, su tsara ƙa'idojinta, sannan ofishin babban sufeto mai binciken laifuka da sashen odita na cikin gida suna kai rahotonsu ga hukumar ne kai tsaye, ba ga daraktan ba. Doka ta wajabta musu zama aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku, ana buga ajandar zaman tun kafin ranar, kuma kowa yana iya halarta. A cikin ajandar akwai sashen sayayya da kwangilolin da suka haura dala miliyan 1, waɗanda ba sa tabbata sai hukumar ta kaɗa ƙuri'a a kansu. Shawarata ita ce ka karanta bayanan zaman shekara guda da ta wuce kafin ka cike ko takarda ɗaya, domin a nan za ka ga abin da ma'aikatar ke saye da yawa da kuma kwangilolin da wa'adinsu ya kusa cika.

Wannan tsauri yana da tarihi. A tsakiyar shekarun 1990 ma'aikatar ta ƙulla kwangilar fiye da dala miliyan 30 da kamfanin VitaPro na Kanada domin sayen garin waken soya da ake sa wa fursunoni a madadin nama, ba tare da an buɗe gasar tenda ba. Maganar ta kai kotun ƙoli ta jihar, wadda ta yanke hukunci a 1999 cewa kwangilar ba ta halatta ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai shigar da kai ta bayan gida, ka sani takardar da zai samo maka tana iya rushewa bayan ka riga ka zuba jarinka.

Rajista ba ta da wahala. Bayan kamfaninka ya sami rajistar jiha kuma harajinsa ya daidaita, sai ka shiga kundin 'yan kwangila da ofishin kwanturolan kuɗin jihar ke riƙe da shi, wato CMBL, wanda kuɗinsa dala 70 ne a shekara. A wurin cikewa za a nemi ka zaɓi lambobin nau'in kayan da kake sayarwa, kuma da waɗannan lambobi ne ake aiko maka sanarwa, don haka ka zaɓe su da natsuwa. Duk sayayyar da ta wuce dala 25,000 ana tallata ta a ESBD, wato shafin intanet da jihar ke tallata kwangiloli a kai, tana kuma zama a can aƙalla kwana 14. Kafin ka sa rai a kan wani kaya, ka duba ko masana'antun gidajen yarin suna yin sa da kansu, domin fursunoni suna ɗinka tufafi, suna yin katifa da sabulu da lambobin mota, kuma doka ta fifita kayansu. Kula da lafiyar fursunoni ma yana hannun jami'o'in jihar guda biyu.

Idan ka ga tallar da ta dace da kai, ka karanta ta daga farko har ƙarshe, sannan ka riƙa komawa shafin saboda gyare-gyaren da ake ƙarawa daga baya. A cikin takardar akwai sunan jami'i guda da aka ware domin amsa tambayoyi, kuma tuntuɓar wani daban, ko shugaban gidan yari ne ko mamban hukuma, tana iya sa a cire ka daga gasar. Takardar da ta iso bayan lokacin rufewa ba a duba ta. Ba kullum mafi araha ne ke cin gasar ba, domin ana auna ingancin kaya da tarihin aikin kamfani, wanda jihar ke ajiyewa a wani kundi da sauran ma'aikatu ke dubawa. Idan kwangilar tana bukatar ƙuri'ar hukumar, za ka cike fom mai lamba 1295, inda za ka bayyana duk masu ruwa da tsaki a kamfaninka.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen sa farashi, saboda kai kaya gidan yari ba kamar kai shi kanti ba ne. Direbanka zai tsaya tsakanin ƙofofi biyu, ba a buɗe ta gaba sai an rufe ta baya, gandirobobi su leƙa ƙarƙashin motar da cikinta. Mai gyaran famfo zai ƙirga kowace sifana da sukundireba a gaban jami'i lokacin shiga, ya sake ƙirgawa lokacin fita, kuma idan guda ta ɓata ba mai motsawa sai an gano ta. Ana binciken tarihin kowane ma'aikaci, ba a shiga da waya ko taba, kuma miƙa wa fursuna wayar salula babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Wata rana kuma za a rufe gidan gaba ɗaya domin bincike, motarka ta juya da kayanta. Duk waɗannan awoyi dole su shiga lissafinka.

Wanda ya saba da kwangila a gida Najeriya ya lura cewa a nan ba a saba ba da kafin alƙalami ba. Kai ne za ka sayi kaya da kuɗinka, ka kai, a karɓa, ka miƙa takardar neman biya mai ɗauke da lambar odar, sannan doka ta ba ma'aikatar kwana 30 ta biya, in ta wuce haka kuɗin ruwa ya hau kanta. Shekarar kuɗin jihar tana farawa ranar 1 ga Satumba ta ƙare 31 ga Agusta, kuma majalisa tana yin kasafin shekara biyu-biyu ne, shi ya sa kwangiloli masu tsawo suke ɗauke da sharaɗin cewa za a iya soke su idan ba a ware musu kuɗi ba. Idan kuma wani jami'i ya nemi na goro a hannunka, ka rubuta rana da wuri da abin da ya faɗa, ka kai wa ofishin babban sufeto.