Yadda za ka gane nauyin mai bincike kan daskarewar jini da ciwon garkuwar jiki

Ɗalibanmu na nan Gusau masu rubuta furojet kan jini suna yawan tambaya, wai ta yaya za su san malamin da aikinsa ya isa a dogara da shi, musamman a fannin nan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita har jini ya riƙa daskarewa a jijiya. Toh ga yadda ni nake bi.

Fara da Google Scholar, kyauta ne, wayarka ma ta isa. Rubuta sunan mutumin ka buɗe shafinsa, za ka ga sau nawa anka ambaci ayyukansa da kuma ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziks a Amurka, ya kawo a 2005. In anka ce h ɗin mutum 20 ne, yana da takardu 20 da kowace anka ambata aƙalla sau 20. Amma kar lambar ta ruɗe ka, wanda ya shekara talatin yana rubutu dole ya fi sabon shiga, ga masu yawan ambaton kansu, ga masu suna iri ɗaya da ke cakuɗewa, shi ya sa ka nemi lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, ka kuma leƙa PubMed, rumbun takardun likitanci na intanet, ka tabbatar takardun nasa ne kuma suna cikin mujallun kirki.

Daga nan sai abin da ni na fi damuwa da shi, shin aikin ya canja yadda ake duba marar lafiya? Ɗauki Graham Hughes na Landan. A 1983 ya bayyana cewa akwai mutanen da jininsu ke daskarewa, wasu su samu shanyewar ɓarin jiki, mata kuma su yi ta ɓari, duk saboda wasu sojojin garkuwa da ake kira antifosfolifid, har yau wasu na ce ma cutar ciwon Hughes. Kai ka san matar da nake nufi, tana nan a unguwanninmu, ciki ya kai wata huɗu ko biyar ya zube, na gaba ma haka, dangin miji su fara maganar iska ko sammu, ita kuma ta yi ta shan rubutu tana kuka a ɗaki. Wasu daga cikin irin waɗannan matan ciwon nan ne, kuma yau ana ba su asfirin ƙarami da allurar hefarin mai tsinka jini a lokacin goyon ciki, da yawa su haihu lafiya. Wannan shi ne nauyi wallahi.

Don haka ka buɗe ƙa'idojin gane cutar, na Sapporo na 1999, da gyaran Sidni na 2006 da ya ce a maimaita gwajin jini bayan aƙalla mako 12 kafin a yanke hukunci, da na 2023 da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai sunka fitar, ka gangara ƙasa wajen jerin takardun da sunka ambata ka ga ko sun dogara da aikin mutumin naka. Haka binciken Vittorio Pengo na Italiya da ya fito a mujallar Blood a 2018, masu ciwon nan mutum 120 kacal, anka tsayar da shi tun bai ƙare ba don masu shan rivaroxaban, sabon maganin tsinka jini, sun fi masu shan wafarin, tsohon maganin, samun matsala, amma shi ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da sabbin magungunan tsinka jini ga wanda gwajin antifosfolifid iri uku da ake yi duka sunka nuna cutar a jininsa.

Malamanmu na gida kuma ka neme su a AJOL, shafin intanet da ke tattara mujallun Afirka da yawa, ka zaɓi takarda biyu ko uku da sunan malamin ya zo na farko ko na ƙarshe ka karanta da kanka, ka duba mutum nawa anka gwada da kuma ko an maimaita gwajin.