Yadda Ake Haɗa Ƙwayoyin Azurfa na Nano da Ruwan Ganye

Ganyen ne ke yin aikin. Sinadaran cikinsa, irin su fenol da fulabonoyid, su ke mayar da narkakkiyar azurfa ƙwayoyi masu girman nanomita 1 zuwa 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma su lulluɓe su don kada su dunƙule. Darbejiya, zogale da ganyen shayi duk suna yi.

A wanke ɗanyen ganye giram 10, a yayyanka, a zuba a ruwan da aka tace ta tururi mililita 100. A ɗora a zafin digiri 60 zuwa 80 na minti 20, a tace da takardar Whatman lamba 1. Gefe guda a narkar da silba naitret (gishirin azurfa) giram 0.017 a ruwa mililita 100, wato ƙarfin milimol 1 a kowace lita, a cikin kwalba mai duhu, domin haske na lalata shi. A sa safar hannu, yana baƙanta fata.

Sai a ɗiga ruwan ganyen mililita 10 cikin na azurfar mililita 90, ana juyawa. Launin zai tashi daga rawaya-rawaya ya koma ruwan ƙasa. Idan ya yi fari kamar an zuba madara, kulorayid ya shiga, galibi daga ruwan famfo. A zubar, a sake. Idan ya ƙi sauyawa, a ɗaga pH (ma'aunin tsamin ruwa) zuwa wajen 8. In an zarce sosai, gari ne zai kwanta a ƙasa.

Launi kaɗai ba shaida ba ne. A duba a na'urar auna haske, a nemi tudu a zanen da take fitarwa, tsakanin tsawon zangon haske na nanomita 400 da 450. Tudu mai faɗi na nuna girman ƙwayoyin bai daidaita ba. A juya a sentirifuj (na'urar da ke juyawa da gudu don ware ƙwayoyin daga ruwa), juyi 10,000 a minti, tsawon minti 15, a wanke ƙwayoyin sau uku.

Wankin nan ne ake wa ha'inci, kuma shi ke ɓata sakamakon gwajin ko ƙwayoyin na kashe bakteriya, don ragowar silba naitret ma yana kashe bakteriya. A shimfiɗa bakteriyar E. coli ko Staphylococcus aureus a farantin renon bakteriya na Mueller-Hinton, a huda ramuka masu faɗin milimita 6: ɗaya na ƙwayoyin, ɗaya na ruwan ganye zalla, ɗaya na silba naitret zalla. Bayan awa 24 a digiri 37, a auna da'irar da ta washe. Azurfar kan fasa fatar bakteriya ta toshe aikin sinadaran da take rayuwa da su, kuma sau da yawa E. coli ta fi jin jiki saboda bangonta siriri ne.

Wannan kayan gwaji ne, ba na sha ko shafawa a ciwo ba. Azurfar da ta taru a jiki kan rina fata toka-toka, kuma ba ta fita.