Kurakuran da aka fi yi wajen zagaya gadoji, ƙananan gidajen tarihi da yankunan inabi na Faransa

Kuskure mafi girma yana faruwa tun kafin matafiyi ya bar gida, lokacin da ya zauna da taswira ya jera garuruwa bakwai ko takwas a cikin kwana goma, yana ganin tunda ya sha wahalar neman biza kuma ya biya kuɗin jirgi, wajibi ne ya taka ko'ina. Jiragen ƙasa masu gudu na TGV suna ƙara masa ƙwarin gwiwa, domin tun 2017 tafiya daga Faris zuwa Bordeaux awa biyu ce da 'yan mintoci, zuwa Lyon kusan awa biyu, zuwa Strasbourg kuwa ba ta cika awa biyu ba. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne cewa kowace ƙaura tana cinye rabin yini: a haɗa kaya, a bar ɗaki kafin tsakar rana, a isa sabon otal a tarar ba za a ba da makulli ba sai wajen ƙarfe uku. Ga shi kuma Faris ba tasha ɗaya gare ta ba, jirgin Bordeaux daga Montparnasse yake tashi, na Lyon da Dijon daga Gare de Lyon, na Strasbourg da Reims daga Gare de l'Est. Maganin wannan shi ne a zaɓi birane biyu kacal, a kwana huɗu ko biyar a kowanne, a riƙa fita ƙauyukan kewaye da ƙananan jiragen yanki da ake kira TER a dawo da yamma. Tikitin TGV yana ƙara tsada idan ranar tafiya ta matso, don haka shi ake saye da wuri, na TER kuwa a mafi yawan hanyoyi ana iya sayensa ranar da za a tafi.

Dangane da gadoji, mutane da yawa suna ɗaukar su wurin tsayawa a ɗauki hoto a wuce, wasu ma suna ratsa kogi sau goma a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba su ga ruwa ba ko sau ɗaya. A cikin Faris kaɗai gadoji 37 ne a kan kogin Seine, kuma a ganina babu hanyar fahimtar tsarin birnin da ta kai bin su da ƙafa. Pont Neuf, wadda aka fara a 1578 aka gama a 1607 zamanin Sarki Henri na huɗu, ita ce mafi tsufa a cikin waɗanda suke tsaye, kuma ita ce ta farko a birnin da aka gina ba a ɗora mata gidaje ba, shi ya sa mutanen wancan zamani suka fara ganin kogi daga kan gada. Wanda ya tashi daga nan da sassafe ya bi gaɓa zuwa yamma, ya haura Pont des Arts ta masu tafiya a ƙasa, ya ƙarasa Pont Alexandre III da aka buɗe domin baje kolin duniya na 1900, ya ratsa ƙarni uku na gini a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Kada kuma a sayi kwaɗo a rataya a jikin gada kamar yadda masoya suka saba, domin nauyin irin waɗannan kwaɗuna ne ya karya wani sashe na shingen Pont des Arts a 2014, hukumar birnin ta kwashe su a 2015.

A Bordeaux kuskuren na daban ne. Baƙi suna tsayawa a gefen tsohon gari su kalli Pont de pierre daga nesa, alhali amfaninta yana ga wanda ya tsallaka. An gama ta a 1822 da ƙofofin ruwa 17 masu siffar baka, ita ce gadar farko da birnin ya samu a kan kogin Garonne, kuma yanzu an hana motocin gida bin ta, sai jirgin ƙasa na cikin gari da bas da tasi da keke da masu ƙafa. Daga unguwar La Bastide da ke ɗaya gefen ne ake ganin dogon jerin gine-ginen ƙarni na 18 gaba ɗaya, kuma wanda ya zauna awa guda zai lura ruwan yana hawa ko yana sauka, saboda cika da janyewar teku suna isowa har nan duk da nisan birnin daga gaɓar teku. A Avignon kuwa mutum yakan biya kuɗi ya hau gadar Saint-Bénézet yana zaton za ta kai shi ƙetare, sai ya tarar ta ƙare a tsakiyar kogin Rhône, domin ƙofofi 4 ne suka rage daga cikin 22. Siffarta ta fi fitowa daga tsibirin Barthelasse da ke fuskantar ta.

Sai gidajen tarihi, inda aka fi asarar lokaci da ƙarfi. Yawancin baƙi suna ba Louvre, babban gidan tarihin Faris, yini guda, su fito ƙafafu sun kumbura, kai ya cika, ba su riƙe komai ba. Ba na cewa a guje shi, amma wanda ya zo da niyyar tafiya a natse zai fi amfana da wurin da zai iya gamawa cikin awa ɗaya da rabi ya kuma sami kujerar zama. Gidan Orangerie da ke Faris yana da ɗakuna biyu masu siffar ƙwai inda manyan zanukan furannin ruwa na Claude Monet suka kewaye bango. Gidan Carnavalet yana ba da tarihin Faris kanta, kuma kayansa na dindindin kyauta ake kallo, haka ma na Petit Palais. A garin Beaune da ke yankin Bourgogne akwai Hôtel-Dieu, asibitin talakawa da Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa a 1443, inda har yau gadajen marasa lafiya suke jere a babban zaure da labulayensu. A Bordeaux, Musée d'Aquitaine yana da ɗakuna a kan cinikin tekun Atilantika da fataucin bayi, kuma ɗan Afirka ta Yamma da ya kalli kyawawan gine-ginen bakin kogi bai shiga waɗannan ɗakuna ba ya ga rabin labari ne kawai, domin wani ɓangare na dukiyar da ta gina su daga kasuwancin mulkin mallaka da gumin bayi ta fito.

Ranakun rufewa suna kama mutane da yawa. Louvre da Orangerie ba sa buɗewa ranar Talata, gidajen tarihi na Orsay da Carnavalet da Rodin kuwa ranar Litinin suke hutu. A ƙananan garuruwa gidan tarihi yakan rufe daga sha biyu zuwa biyu na rana, wasu kuma suna rage kwanakin aiki da hunturu. A Saint-Émilion, wani ƙaramin garin inabi kusa da Bordeaux, cocin da aka sassaƙa a cikin dutse ba a shiga shi sai tare da ɗan jagora, kuma a ofishin yawon buɗe ido ake yankar tikiti, don haka wanda bai kama gurbi da wuri ba zai iya komawa da ganin ƙofa kawai.

Yankunan inabi suna buƙatar magana a fili, domin mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne. Kuskure na farko shi ne biyan kuɗin rangadin gona ba tare da tambaya ba, alhali kusan kowane irin wannan rangadi yana ƙarewa da ɗanɗanon giya a rumbun ajiya. Kuskure na biyu shi ne zaton cewa ban da giya babu abin gani a yankin. Mutum yana iya yini a Bourgogne bai shiga rumbu ko ɗaya ba, ya kuma dawo da ilimi mai yawa game da noma. Tudun da ya miƙa daga Dijon zuwa kudancin Beaune an yanka shi gonaki 1,247 masu suna, waɗanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2015, kuma an raba su ne bisa bambancin ƙasa da gangara da yadda rana take bugunsu, har ta kai gona biyu da hanyar ƙafa ta raba suna iya bambanta ƙwarai a daraja. Akwai hanyar keke daga Beaune da ta bi ta Pommard da Volnay da Meursault har Santenay, tsakanin katangun dutse da manoma suka jera shekaru aru-aru. A Alsace hanyar inabi ta kai kilomita 170, ƙauyukanta kuma da gidajensu na katako sun isa dalilin zuwa. Amma a tuna gonakin nan mallakar mutane ne, ba a tsinkar inabi ko da ƙwaya ɗaya, kuma a watan Satumba, lokacin girbi, manoma ba su da sararin karɓar baƙon da bai yi alkawari ba.

Abinci ya fi gonar kanta buƙatar lura. Boeuf bourguignon da coq au vin da giya ake dafa su, quiche lorraine da tarte flambée ta Alsace suna ɗauke da gutsattsarin naman alade da ake kira lardons, har ɗan kek ɗin Bordeaux da ake kira canelé yawanci akwai barasar rum a cikinsa. Kalmomi kaɗan suna warware matsalar: sans alcool ga abin da ba barasa, sans porc ga abin da ba alade, jus de raisin ga ruwan inabi zalla. Ruwan famfo a gidan abinci kyauta ne idan an nemi carafe d'eau. A manyan birane mahautan halal da gidajen abincin mutanen Arewacin Afirka ba su da wuyar samu, a ƙauye kuwa kifi da cuku da burodi da kayan lambu ne mafita. Sai a kiyaye lokaci, domin ana ba da abincin rana tsakanin sha biyu da biyu, na dare daga wajen bakwai, kuma wanda ya shigo ƙarfe uku a ƙaramin gari zai tarar an kashe wuta. Duk inda aka shiga, kanti ko gidan tarihi ko bas, a fara da bonjour kafin kowace tambaya, kamar yadda ba a faɗa wa gidan mutum ba sallama. Rashin wannan kalma ɗaya shi ne asalin yawancin ƙorafin da ake yi cewa Faransawa ba su da fara'a.

Lokutan salla ma suna shafar tsarin yini fiye da yadda ake zato. A Faris rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai wajen goma na dare, a Disamba kuwa kafin biyar ta faɗi, azahar da la'asar da magariba su matso kusa da juna. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana tsakiyar gari, amma a ƙauyukan inabi da wuya a sami masallaci, don haka a fita da alwala da ƙaramar darduma.

Game da komawa masauki, tashar Saint-Émilion tana ƙasan tudu, tafiyar kusan minti ashirin da ƙafa daga cikin gari, kuma a irin waɗannan ƙauyuka tasi ba ta jira a bakin hanya, sai an kira ta tun da wuri. Ranar Lahadi jiragen TER da bas suna raguwa, kantuna da yawa a rufe suke. Kafin a bar tasha da safe, a duba lokacin jirgin ƙarshe da na gabaninsa, a rubuta su, a kuma yi niyyar kama na gabanin.