Kauɗa Ta Yi Funfuna, Wake Ya Yi Ƙwari: Kurakuran Da Ke Cinye Tanadin Gida A Kaduna

Daga Janairu zuwa Maris, duk wanda ya leƙa Bakin Dogo ko kasuwar Kawo ya san yadda tumatir ke yin araha, har wani ya ruɓe a kwando ba a sami mai saya ba. Zuwa watan Yuni kuma sai uwargida ta riƙa ƙirga shi ɗaya-ɗaya kafin ta ɗora miya. A 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, sai da gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wannan da tsadar abinci ta 'yan shekarun nan suka sa gidaje da yawa suka koma shuka ɗan kayan miya a tsakar gida, suna kuma tanadin na lokacin tsada. Niyyar tana da kyau. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wahalar ke tafiya a banza saboda wasu 'yan kurakurai da ba sa buƙatar ko sisi wajen gyarawa, kuma mafi yawansu danshi ne da gaggawa ke haddasa su.

Lambun tsakar gida

Kusan kowa da tumatir yake farawa, kuma da zarar ruwan farko ya sauka a watan Mayu. Damina ba lokacinsa ba ne a nan. Laima na kawo masa cututtukan ganye da ruɓewar saiwa, sai mai lambu ya karaya ya ce hannunsa ba shi da albarka. Da damina a shuka kuɓewa, alayyafo, rama, yakuwa, lalo da kabewa, waɗanda ke son ruwa. Tumatir, latas, karas da albasa a jira su zuwa ƙarshen damina: a yi renon irin tumatir da latas wajen Oktoba, a dasa idan ya yi mako uku zuwa huɗu, ya girma cikin sanyin hunturu. Idan aka makara har bazara ta tarar da tumatir yana fure, zafin Maris da Afrilu zai kakkaɓe furen.

Masu shuka a buhu ko bokiti sukan manta su huda ƙasan, ruwa ya kwanta, saiwa ta shaƙe. Wasu kuma su jera buhunan a gindin mangwaro don gudun rana, alhali kayan miya masu 'ya'ya na son rana ta aƙalla awa 6 a yini. Sai batun taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka. A tara shi a gefe, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa wata biyu zuwa uku har ya daina wari da zafi. Ƙasar juji kuwa, wadda ta yi baƙi ƙirin har tana ba mutum sha'awa, a yi hattara da ita. Jujin cikin gari ba na ƙauye ba ne, akwai matattun batura da tokar leda da ragowar fenti a cikinsa, kuma ganyen da za a ci yana iya ɗaukar dafinsu. Haka ruwan kwata.

Idan kun ga gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, ba feshi yake nema ba. Ban ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau a cika gobe a manta. A ba shi da safe, a gindi, kullum, a kuma rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa.

Iri ma akwai abin lura. Tumatir ɗin kasuwa masu sheƙi da yawansu irin aure ne, idan aka cire 'ya'yansu aka shuka ba lalle su haifi irin uwarsu ba. Mai son ya riƙa ajiye irinsa duk shekara ya nemi na gargajiya, ko ya tambayi malaman gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ba ta da nisa da mu.

Shanya

Hunturu kyauta ce ga mai shanya, amma ana ɓata ta. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 nasa ruwa ne, saboda haka idan aka tsaga shi biyu kawai aka baza a ƙasa, waje ya bushe ciki na nan da ruwa. A yanka shi sirara, a ɗan barbaɗa gishiri, a ɗora a kan faranti ko raga bisa wani abu mai tudu, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Da magariba a shigar da shi, kada raɓa ta mayar da aiki baya. Shanya a bakin kwalta, inda hayaƙin mota da tsakuwa da kashin awaki ke haɗuwa da abinci, ita ce ta ɓata wa kauɗa suna har wasu ke ganin ta a matsayin abincin dole. Kauɗar da aka yi da tsafta ja take fitowa, miyarta kuma ba ta da wannan ɗacin.

Kada a zaɓi tumatir ɗin da ya fara ruɓewa wai tunda busarwa za a yi. Rana ba ta gyara abin da ya lalace.

Ganye kuwa ba ya son rana. Zogale, kuka, rama da alayyafo a inuwa mai iska ake shanya su. Idan garin kukarku ya fito ruwan ƙasa maimakon kore, rana ce ta cinye shi, ta kuma tafi da wani ɓangare na amfaninsa.

Babban kuskuren yana zuwa ne a ranar kwashewa. Ana ganin abu ya yi alamar bushewa sai a dura a leda a ƙulle, wani lokaci ma da zafin ranarsa, ya yi gumi a ciki. Kuɓewa da ganye sai sun karye ƙaras a hannu. A bar su su huce a inuwa, a zuba a kwalba busasshiya mai murfi, a riƙa dubawa a makon farko. Idan aka ga raɓa a jikin kwalbar, a juye a sake shanyawa. Kuma a sani, abin da ya bushe a Fabrairu zai iya sake shan laima a Agusta idan murfin ba ya kamawa.

Tumatir a kwalba

Wannan wurin ne nake so a karanta da natsuwa, domin a nan kuskure ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Yanzu ana yayin markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa gaba ɗaya, a dafa, a zuba a kwalaben mayonis, a tsiyaya man gyaɗa a sama, a ajiye a ƙarƙashin gado. Akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa wadda tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta kashe 'ya'yanta. Tana farfaɗowa ne a inda babu iska, akwai danshi, babu tsami sosai, sai ta saki dafin da ke kashe jijiyoyi: gani ya rabu biyu, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya. Abincin kuma ba lalle ya yi wari ko ya canza kala ba. Tumatir yana da ɗan tsamin da ke taimakawa, amma tattasai da albasa ba su da shi, kuma idan aka haɗa su suna rage na tumatir ɗin. Man da aka zuba a sama kuwa iska kawai ya toshe, wato abin da ƙwayar ke so.

Gyaran shi ne a yi tumatir shi kaɗai. A kowace kwalba mai cin lita ɗaya a sa ruwan lemon tsami cokali 2 na cin abinci, ko binega cokali 4. A zuba tumatir ɗin da zafinsa, a bar ɗan fili kamar faɗin yatsa a sama, a goge bakin kwalbar, a rufe da murfin da bai yi tsatsa ko lanƙwasa ba. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a jera kwalaben, ruwa ya shanye kansu gaba ɗaya, a tafasa minti 50, ana fara lissafi daga lokacin da ruwan ya soma tafasa sosai. Kaduna tana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku, ruwa na tafasa a nan kafin ya kai zafin na bakin teku, shi ya sa ba a rage lokacin. Idan an dafa tumatir ɗin ya yi kauri sosai, a yi amfani da ƙananan kwalabe don zafi ya ratsa tsakiya. Bayan sun huce, murfin da ya kama zai lotsa ciki. Wanda bai lotsa ba a yi miya da shi a ranar. Wanda daga baya ya kumbura, ko ya yi tsartuwa da aka buɗe, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba, kada a ba kaji ma. Ko mai kyan gani, a bar shi ya tafasa minti 10 a tukunyar miya kafin a ci.

Tattasai da attaruhu a busar da su. Nama da kifi da wake dafaffe kada a kuskura a yi musu wannan hanyar. Wanda ya ga ba zai iya bin ƙa'idar ba ya koma kauɗa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hatsi da wake

Ba zan ɓoye ba, ganin ana yayyafa wa wake fiya-fiya ko Sniper yana tayar mini da hankali. Maganin ƙwari ne, ba a yi shi don abincin da yara za su ci ba, kuma wanki ba ya tabbatar da ya fita. Yawan irin wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar hayaƙin da ake jefawa a buhu ita ma iskarta na kisa, bai kamata ta kwana ɗaki ɗaya da mutane ba.

Ƙwaro yana buƙatar iska kamar kowane mai rai, to a hana shi. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Masu cewa bai yi musu aiki ba galibi sun ɗaure ukun a haɗe ne, ko akwai huda, ko suna buɗewa kullum suna ɗiba. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban. Jarka mai tsafta wadda ta bushe sarai ita ma tana yi, muddin an cika ta har baki an toshe murfin da leda, aka kuma bar ta wata biyu ba a buɗe ba. Na cin yau da gobe a ware shi tun farko. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta cikin lissafi.

Kafin a rufe masara ko gyaɗa a tabbatar sun bushe, domin funfunarsu na haifar da dafin da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kawar da shi. Ga gwaji mai sauƙi: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a kwalba busasshiya, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa siminti ko bango.

Kayan zaƙi

Zuma na daɗewa shekaru idan ta nuna kafin a ɗebe ta. Wadda aka matse tare da 'ya'yan ƙudan, ko aka tsarma da ruwa, ita ce ke kumfa ta yi tsami. Cokali mai ruwa ma yana ɓata kwalba guda. Da yawa kuma suna zubar da zuma ko su zargi mai sayarwa don ta daskare ta yi tsaki-tsaki da sanyi. Wannan ɗabi'arta ce. A tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta narke, ba sai an ɗora ta a wuta ba. Gwajin ashana da na tururuwa ba abin dogaro ba ne, sanin mai kiwon ya fi su. Sai abu guda da nake roƙon iyaye da kakanni: kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, komai ƙanƙantarta. 'Ya'yan ƙwayar cutar da na ambata a sama kan kasance a cikinta, hanjin babba na iya da su, na jariri bai kai ba.

Mazarƙwailar da ke zuwa mana daga yankin Maƙarfi da kewaye tana da arha a lokacin rake, ga daɗi a kunu da koko, amma tana jan laima. Idan aka bar ta a buɗe da damina sai ta yi naso, ta narke, tururuwa su taru. A saye ta da rani, a zaɓi mai tauri, a naɗe kowane curi a sa a bokiti mai murfi. Dabino a fasa wasu a duba ciki kafin a sayi mai yawa, garinsa kuma a yi kaɗan-kaɗan don yana dunƙulewa. Mai ciwon suga kada a ruɗe shi da cewa waɗannan na gargajiya ne: zuma, mazarƙwaila da dabino duk suna ɗaga sugan jini, a bi abin da likita ya ƙayyade.

Lokacin mangwaro, Afrilu zuwa Mayu, wasu kan dafa shi da sukari don ajiya, sai su rage sukarin saboda tsada, kafin mako biyu saman ya yi funfuna. Sukarin ne ke riƙe ruwan ya hana shi lalacewa, don haka nauyinsa ya kusanci na mangwaron, a ƙara lemon tsami, a dafa har ya yi kauri. Sinadarin zaƙin nan sakarin da ire-irensa da ake sa wa zoɓo ba sa wannan aikin, zaƙi kawai suke bayarwa. Idan kuɗin sukari bai samu ba, a yanka mangwaron sirara tun bai yi laushi ba, a shanya a ƙarƙashin raga kafin ruwa ya kankama.