Babi na Bakwai: Daga Gadon Jinya Zuwa Bakin Aiki

Ranar da likita ya ce "an sallame ka", majinyaci yakan ji kamar an sauke masa dutse daga ka. 'Yan uwa su tattara kaya, a yi ta barka da arziki. To amma ma'anar sallama ɗaya ce: ba ka buƙatar gadon asibiti yanzu. Sauran aikin, wanda ya fi tsawo, a gida za a yi shi.

A wannan babi za mu bi wani magini da ya faɗo daga kan tsani ya karye a ƙwauri. Za mu bi shi tun daga ranar da abin ya faru har ranar da ya sake riƙe cokalin gini. Abin da ya same shi zai iya samun mai walda, da direba, da mai aikin injin a masaƙa, mace ko namiji. Ka tanadi ƙaramin littafi da biro. Za mu kira shi littafin jinya, kuma zai bi mu har ƙarshen darasi.

Abin da za a fara rubutawa

Mutumin da ke kwance cikin ciwo ba ya tunanin takarda. Shi ya sa wannan aiki yakan faɗa kan ɗan'uwa ko abokin aiki. A shafin farko a rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa abin ya faru, da wurin, da aikin da ake yi a lokacin, da sunayen waɗanda suka gani da idonsu. In akwai waya, a ɗauki hoton tsanin ko injin kafin a kawar da shi. A sanar da mai kula da aiki a ranar, kuma a rubuce. Maganar baki iska ce, bayan wata uku kowa zai tuna abin da ya yi masa daɗi ne kawai.

Katin asibiti, hoton ƙashi, takardar magani, rasit ko da na bandeji ne, duk a zuba su a jaka ɗaya.

Dalilin wannan wahala shi ne diyya. Ba alfarma ba ce da maigida zai yi in ya ga dama. Tun 1884 ƙasar Jamus ta kafa dokar inshorar haɗarin aiki, wasu ƙasashe suka bi sahu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka kafa a 1919, ta fitar da Yarjejeniya mai lamba 121 a 1964. Ta tanadi cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki a kula da lafiyarsa, a kuma biya shi wani kaso na abin da ya rasa na albashi, in ya rasu a biya waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Kowace ƙasa da tata dokar, amma a galibinsu akwai abu biyu da ya kamata ka sani. Na ɗaya, ba sai ka tabbatar da laifin maigida ba kafin a biya ka, muddin a bakin aiki ka ji raunin. Na biyu, akwai wa'adin kai rahoto, in ya wuce hakkin na iya salwanta. Ofishin ƙwadago mafi kusa ko ƙungiyarku za su faɗa maka wa'adin ƙasarku.

Sannan ga gargaɗin da na fi nanatawa a aji. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba, ko da an ce "ai ta karɓar kuɗin magani ce kawai". Wata takardar tana cewa ka karɓi wannan kuɗi, ka yafe duk abin da zai biyo baya. In karatunka bai kai ba tukuna, ka ce a ba ka ita ka kai wa wanda ka amince da shi. Babu kunya a nan.

Jiki a gida

An sa wa magininmu siminti a ƙafa, wato filastar da asibiti ke ɗaure karaya da ita, aka sallame shi. Ƙasusuwan baligi da yawa suna haɗewa cikin mako 6 zuwa 12. Ƙashin ƙwauri yakan fi haka jinkiri, sau da yawa sai ya kai wata huɗu ko fiye. Shan taba yana rage jinin da ke isa wurin karaya, yana ja wa ƙashi jinkirin haɗewa. Wanda ke neman dalilin dainawa, ga shi ya samu.

Akwai alamun da ba a jira ranar ganin likita a kansu. In yatsun da suka leƙo daga simintin suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu ba ka jin su, ko ciwon ya yi ta ƙaruwa magani ya ƙi kwantar da shi, a koma asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka in miki ya yi ja ya yi zafi, yana fitar da mugunya ko wari, ga zazzaɓi. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya soma sarƙewa ƙirji na suka, domin doguwar kwanciya na iya sa jini ya daskare a jijiya, gudan ya tafi huhu. Wanda kuma ya bugu a ka, in ya soma amai, ko barci mai nauyi, ko maganarsa ta rikice, shi ma a garzaya da shi.

Cikin siminti yana ƙaiƙayi, kowa ya sani. Kada a zura tsinke ko biro a sosa, fata za ta yage inda ido ba ya gani. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Maganin kashe ciwo mai ƙarfi, irin su tiramadol, yana da ranarsa, amma jiki yana sabawa da shi. A sha yadda likita ya rubuta, a rubuta a littafin jinya duk lokacin da aka sha. In ka ga kana ƙara yawa, ko kana nemansa ba don ciwo ba, ka faɗa wa likita tun abin bai yi nisa ba.

Ranar da aka yanke simintin, maginin ya dubi ƙafarsa ya kasa magana. Ta rame ta koma kamar ta yaro, fata tana ɓarewa fari-fari, idon sawu ya ƙi lanƙwasuwa. Ya ce, "Likita, anya an ɗora ta daidai?" Likita ya nuna masa hoton, ƙashi ya haɗe sarai. Naman da ba a mora ba ne ya zube, gaɓar da ba a motsa ba ta sandare.

Nan ne aikin likitan gashi, wato mai taimaka wa gaɓoɓi su dawo da motsi bayan rauni, yake farawa, kuma nan ne mutane da yawa suke yin sake. Suna ganin tunda ƙashi ya haɗe, an gama. Motsa jikin da ake bayarwa yakan zama abin raini a ido: ɗaga yatsun ƙafa sau goma, ja tawul da tafin ƙafa, tsaya ka riƙe bango ka ɗaga dunduniya. Babban mutum mai ɗaukar bulo sai ya ji kamar wasan yara ake sa shi. To wannan wasan yaran shi ke mayar da ƙafa ƙafa. Zuwa wurin gashi sau ɗaya ko biyu a mako ba zai wadatar ba in ba a maimaitawa a gida kullum.

Ciwo iri biyu ne a wannan lokaci. Akwai na miƙewar jijiya da gajiyar nama, wanda yake lafawa bayan an huta. Akwai kuma mai suka kamar wuƙa, ko wanda ya kwana ya wayi gari da kumburi. Na farko a daure masa, na biyu a dakata a tambaya. Don ka bambance su, kowace yamma ka ba ciwonka maki daga 0 zuwa 10, ka rubuta kusa da shi abin da ka yi a ranar: taku nawa, minti nawa a tsaye. Bayan mako uku ka buɗe shafukan baya. Sau da yawa mutum yana ganin bai ci gaba ba, sai littafi ya ƙaryata shi.

Abin da hoton ƙashi ba ya nunawa

Wata rana maginin ya bi ta gefen wani gini, ya ɗaga kai ya ga mutum a saman tsani. Gabansa ya faɗi, gumi ya keto masa, ƙafafunsa suka yi sanyi. Da dare yana mafarkin yana faɗowa. A gida ya zama mai saurin fushi, abu kaɗan sai tsawa. Matarsa ce ta fara cewa, "Maigida, ƙafar ta warke, amma kai ba ka dawo ba."

Wannan ba ragwanci ba ne. Mutumin da ya tsallake rijiya da baya, ƙwaƙwalwarsa takan ci gaba da gadi bayan haɗarin ya wuce. Ga da yawa abin yana lafawa cikin 'yan makonni. In ya wuce wata guda, ko yana hana barci da fita, a faɗa wa likita kamar yadda za a faɗi ciwon ƙafa, domin akwai masu kula da wannan kuma ana samun sauƙi. In mutum ya soma cewa rayuwarsa ba ta da amfani, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi taimako a ranar.

Ku kuma abokan aiki, ku riƙa leƙa shi. Wanda aka manta da shi wata huɗu, ƙofar wurin aiki takan yi masa nauyi.

Komawa

Kuskure biyu ake yi. Wani buƙata ta matsa masa ya koma da wuri, ya ɓoye ɗingishinsa, ya ɗauki kaya, ya sake kwanciya. Ban ga laifinsa ba, mai iyali ya san abin da ke damunsa, amma kwanciya ta biyu takan fi ta farko tsawo. Wani kuma ya ce sai ya koma garau kamar da. Wata ya bi wata, an sa wani a gurbinsa, ƙarfin gwiwarsa ya tafi. Gwargwadon daɗewar mutum a gida, gwargwadon wuyar komawarsa. Hanya ta tsakiya ita ce komawa kaɗan-kaɗan.

Likita bai san aikinka ba sai ka faɗa masa. In ka ce "ni magini ne" kawai, ba ka ce komai ba. Ka ce: ina ɗaukar buhu mai kilo 50, ina tsayuwa awa takwas, ina hawa tsani, ina durƙuso. Da wannan zai rubuta takarda mai amfani, wadda ta faɗi abin da za ka iya yanzu, da abin da ba za ka yi ba tukuna, da ranar da za a sake dubawa. Ka tambaye shi kuma ko maganin da kake sha yana sa barci, in aikinka tuƙi ne ko injin.

Da wannan takarda maginin ya je wurin maigidansa tun kafin ranar komawa.

"Ranka ya daɗe, ina so in dawo. Ga abin da likita ya rubuta. Ba hawa sama, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 10, har mako shida."

"To malam, magini da ba ya hawa, me zai yi mini?"

"Zan iya awo. Zan iya ƙirga kayan da ke shigowa in rubuta. Zan iya tsaya wa yara masu koyo a aikin ƙasa. A gwada ni rabin yini."

Ka lura, bai je da roƙo kawai ba, ya je da jerin abin da zai iya. Abin da suka amince a kai aka rubuta, kowa ya riƙe kwafi.

Ya kuma yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ina tsanin nan? In abin da ya kayar da kai yana nan yadda yake, wani zai kayar gobe. Yarjejeniyar ILO mai lamba 155 ta 1981 ta ce ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da hujjar ganin akwai babban haɗari na nan take ga ransa ko lafiyarsa, a kare shi daga hukunci. A 2022 kuma ƙungiyar ta sanya amintaccen wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci.

Akwai wanda ba zai koma tsohon aikinsa ba har abada: wanda ya rasa hannu, ko ido, ko ya samu rauni a laka. Faɗin haka da zafi, amma ɓoye shi ya fi cutarwa. Yarjejeniya mai lamba 159 ta 1983 ta yi magana kan horar da irin waɗannan ma'aikata su samu aikin da ya dace da su. Ilimin sana'a yana nan a ka. Wanda ya shekara ashirin yana gini ya san kimanta kaya, ya san aikin da aka yi ha'inci a cikinsa, ya san koyarwa. Karatu da lissafin da kake koyo a wannan aji su ne za su ba shi damar sayar da wannan sani.

Aikin aji

Ku tattauna biyu-biyu: wace takarda ce za ka ƙi sa wa hannu, kuma me za ka ce wa wanda ya miƙo maka ita ba tare da an yi rigima ba?

Lissafi. A mako na farko maginin ya yi awa 4 a rana, kwana 3. A mako na biyu ya yi awa 4, kwana 5. A na uku ya yi awa 6, kwana 5. Awa nawa ya yi a kowane mako? In cikakken makon aikinsa awa 40 ne, awa nawa suka rage masa a mako na uku?

Rubutu. Kwafi wannan a littafinka, ka cike guraben da aikinka na gaske:

Sunan aikina ________. A rana ina tsayuwa awa ____. Abu mafi nauyi da nake ɗauka ya kai kilo ____. Abin da ya fi haɗari a wurin aikina shi ne ________. In na ji rauni, wanda zan fara sanarwa shi ne ________. Ayyuka uku da zan iya yi a zaune su ne ________, ________ da ________.

Ka zo da shi darasi na gaba, kowa zai karanta nasa da babbar murya.