Idan kuna ƙirƙirar yare don labarinku, ku kula da kalmomin "ce"

'Yan uwa marubuta, mai ƙirƙirar yare saboda labarin aljanu ko wata duniyar ƙage yakan ɓata makonni kan sunayen takubba da sarakuna, sai a zo wurin hira a ga kalma ɗaya tak yake da ita ta magana. Alhali rabin labari hira ne.

Ku fara da raba aiki biyu: furta magana daban, isar da ita ga wani daban. Masanin harshe Marc Okrand ya yi haka a Klingon, ƙagaggen yaren fina-finan Star Trek, wanda ƙamusunsa ya fito a 1985: jatlh na yin magana ne, ja' kuma na gaya wa wani.

Abin da ya fi burge ni shi ne yaren Láadan, wanda marubuciya Suzette Haden Elgin ta ƙirƙira a 1982. Jimla takan ƙare da 'yar kalmar da ke nuna daga ina mai magana ya samo zancen. Wa, da kansa ya gani ko ya ji. Wáa, an faɗa masa kuma ya yarda da majiyar. Waá, an faɗa masa amma bai yarda ba. Mu da muke da "wai" mun san daɗin wannan. Ku ɗauka ɗan aike ya durƙusa gaban sarki yana ba da rahoton yaƙi, sai ya rufe da waá. Ai fada ta kaure.

Kada ku wuce kalmomi biyar ko shida da farko, mai karatu ba zai riƙe ba. Ku gwada su a hira ɗaya mai zafi kafin ku ƙara wasu.