Idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi ganin CD-ROM, ga inda za ka duba

Salam 'yan uwa na Jidda da Makka. Mutanenmu da yawa suna da faya-fayan Alƙur'ani da hadisi na shekarun 1990 a ajiye waɗanda sabuwar Windows ba ta buɗe su, sai mutum ya je Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, ya sayo tsohuwar kwamfuta 486 ko Pentium, ya zo gida ya kunna, CD ɗin, wato na'urar karanta faifan, shiru. Don Allah kar ka yi saurin jefar da shi, wallahi yawanci lafiyarsa ƙalau, saiti ne kawai bai zauna ba, kuma irin waɗannan kayan kullum ƙara wuyar samu suke.

Tun kafin ka jona wuta juya bayan akwatin ka nemi ɗan jan makunni mai 115 da 230. Tsofaffin gidajenmu na Sabil da Karantina wasu har yanzu akwai soket na 110 da na 220, in yana kan 115 ka soka a 220, khalas, ta ƙone. Ka bar shi a 230.

Sai kebul, kuma nan ne mutane suka fi shan wahala. Ba kowane baki mai fil 40 ne IDE ba, wato irin bakin da ake jona had-disk. Farkon shekarun 1990 Panasonic da Mitsumi da Sony kowa da nasa tsarin, na Sony fil 34 ne shi da sauƙin ganewa, amma na Panasonic da Mitsumi fil 40 ne sak irin na IDE, kebul zai shiga lafiya lau amma ba zai taɓa aiki ba, yana ma iya lalata wani abu. Irinsu a katin sauti ake jona su, kamar Sound Blaster, ba a madabod (babban allon cikin kwamfuta) ba. Karanta takardar da ke manne a saman na'urar, in ka ga CR-562 ko CR-563 to Panasonic ne, nemi katin da ke da bakinsa da direbansa, wato fayil ɗin da ke sa shi aiki, SBCD.SYS. In ATAPI ne, wato CD mai bakin IDE, to ka huta, jona shi a IDE, jan layin gefen kebul ya fuskanci fil na 1, galibi ɓangaren da wayar wuta take.

Daga nan jampa, ɗan baƙin robar nan da ke baya, za ka ga MA (babba), SL (mabiyi), CS (kebul ya zaɓa). In CD da had-disk suna kebul ɗaya had-disk ne MA, CD kuma SL, in duka biyun suna MA kwamfutar za ta iya tsayawa cak ba ta ga ko ɗaya ba. Ni dai in madabod na da baki biyu na fi son a ba CD nasa kebul shi kaɗai a sa shi MA.

BIOS, wato shafin saitin da ake shiga in an kunna kwamfuta, na 486 da yawa ba ya nuna CD sam, wannan ba matsala ba ce, bar wajen a None ko Auto. Kuma kar ka sa rai za ta tashi daga faifai, sai 1995 aka fito da wannan tsarin, da filofi za ka tayar da ita.

A DOS da Windows 3.1 layi biyu ake buƙata. Cikin CONFIG.SYS ka rubuta
DEVICE=C:\OAKCDROM.SYS /D:MSCD001
cikin AUTOEXEC.BAT kuma
C:\DOS\MSCDEX.EXE /D:MSCD001
Sunan da ke bayan /D: dole ya zama iri ɗaya a duka biyun, harafi ɗaya ya bambanta ba za ta gan shi ba. OAKCDROM ɗin yana cikin filofin tayar da Windows 98, kwafo shi zuwa C, kusan duk ATAPI yana karɓa. In ta ce haruffan da take ba na'urori, irin su C da D, sun ƙare ƙara LASTDRIVE=Z a CONFIG.SYS.

To in harafin ya fito amma faifai ya ƙi karantuwa, gwada na asali na kamfani tukuna. Na'urorin kafin 1997 ba sa karanta CD-RW, CD-R ma sai an buga shi a hankali an rufe shi, wasu kuma 650MB suka sani, na 700MB yana ba su wahala. In na asalin ma ya ƙi, buɗe ka goge idon da ke karanta faifan da auduga da ɗan sifirit a hankali, ƙura da danshin tekun Jidda ba sa raga wa komai, duba fil ɗin ma ko sun yi tsatsa. Tiren da ake ɗora faifai in ya ƙi fitowa ɗan bel ɗin roba ne ya saki, soka siririyar waya a ƙaramin ramin gaba zai fito, sai ka canza bel.

Faifan ƙira'a irin na sauti zalla in yana juyawa ba ka jin komai, akwai siririn kebul daga bayan CD zuwa katin sauti, 'yan haraj sun cika cire shi, tambaye su tun a can. Larabcin kuma in ya fito a hargitse ba laifin CD ba ne, Windows 95 ko 98 na Larabci za ka sa.